Ram Ɗin Da Ya Ɓace A Laftof Ɗin Baba

Shafi na 12

Masu turo min saƙo tun safe wai na bar ku tsaye a ƙofar shago, na ji, na tuba. Ku matso, mun shiga ciki.

*

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna Injiniya mai gyaran kwamfuta ta kife laftof ɗin Baba a kan teburinta, ta ɗauki sukudireba.

Ni dai idona na kan agogon bango. Ƙarfe huɗu daidai zan yi ganawar neman aiki ta bidiyo, aikin amsa kiran kwastomomi a wani kamfani. Wata goma sha huɗu ina tura takardu, wannan ne karo na farko da aka ce min zo. Manhajar da suka turo ta ƙi hawa tsohon tsarin da ke cikin laftof ɗin, wai sai sabo. Da waya kuma ba su yarda ba, don akwai gwajin bugun rubutu. Wannan laftof ɗin kaɗai ce a gidanmu, muna ce mata Tsohuwa, kuma ta ci sunanta.

Baba ya ja kujera har gwiwarsa na taɓa teburin. Cewa ya yi kayansa ba sa zuwa wurin gyara ba tare da shi ba.

"Baba, ɗan ja baya kaɗan," in ji Injiniya. "Numfashinka zai hure min sukurori."

Ya ja baya da kamar faɗin yatsa biyu.

Injiniya mace ce da za ta yi shekara arba'in, gilashinta na rataye da igiya a wuya, magana kuwa kamar sayenta take yi. Duk sukurun da ta kwance sai ta jefa shi a rami ɗaya na kiret ɗin ƙwai, a jere, yadda ta ciro su haka za ta mayar. Tana kan na huɗu ta tsaya. Ta sa gilashi, ta kanga shi a hasken fitila.

"Wa ya taɓa buɗe ta?"

"Ba kowa," in ji Baba. "Tun ranar da na saye ta."

"An buɗe. Kuma ba mai gyara ba ne. Dubi kan sukurun nan, an cinye shi. Da bakin wuƙa aka murɗa shi."

Baba ya juyo ya dube ni ta saman gilashinsa.

Na san kallon nan. Shekara uku ina shan sa. Tun ranar da Tsohuwa ta fara jan ƙafa aka yanke hukunci a gidanmu cewa ni ce na cika ta da finafinai. Na rantse har na gaji. Ko ruwan famfo ne ya ɗauke sai Yaya ya ce a tambayi Auta, wataƙila fim ta zuba a bututun.

"Baba, ni ko sukudireba ban iya riƙewa ba."

"Ai ba sukudireba aka ce ba. Wuƙa aka ce."

Injiniya ta ɗaga murfin. Ta hura ƙura da ɗan famfon roba, ta nuna da bakin biro.

"Ga ram ɗin nan. Shi ne wurin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a lokacin. Ramuka biyu ne. Ga ɗaya da ram mai giga huɗu. Ga ɗaya babu komai. Sabon tsarin zai shiga da huɗu, amma da rarrafe, ana kunna bidiyo zai sandare. Takwas muke so."

"To a sa wani mana," na ce.

"Irin na da ne. An daina kawo shi. Bari na tambaya."

Ta kira mutum uku. Na farko ya ce sai jibi. Na biyu ya yi dariya ya ce ta duba gidan tarihi. Na uku bai ɗauka ba. Ta zazzage wani gwangwani cike da tsofaffin ram a kan tebur, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk tsagar bakinsu ba ta zo daidai da ramin ba.

Na dubi agogo. Sha biyu saura kwata.

Baba kuwa sai leƙen cikin Tsohuwa yake.

"'Yata, ciro min wannan ɗin na gani."

Ta ture 'yan maƙallan gefe, ram ɗin ya ɗago kai, ta zare shi ta riƙe a gefe da gefe.

"Juya bayansa."

Ta juya. A jikin farar takardar da ke manne akwai ɗigon koren tawada, da rubutu ƙanana: 1/2.

Ga wanda bai san Baba ba, shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da sito a masana'anta. Ya yi ritaya, amma hannunsa bai yi ba. Komai na gidanmu yana da ɗigon koren tawada da lamba: cokula, rimot, bokiti, har maratayin kaya. Yaya ya taɓa cewa mu ma in aka duba bayan kunnenmu za a samu.

"Ɗaya cikin biyu," in ji Baba a hankali. "Ranar da na saye ta sai da na sa mai shagon ya buɗe min cikinta. Duk abin da ke ciruwa na sa masa alama. Biyu ne. Ina na biyun?"

Ya sake dubana.

"Wallahi Baba..."

"Ban ce komai ba."

"Idonka ya ce."

Ba ni da lokacin kuka. Na ciro waya na kira Yaya, don shi ne mai shige-shige a gidanmu.

"Auta ta Baba, an gama kallon fim ɗin?"

"Yaya don Allah bar wasa. Ram ake nema, irin na da, mai giga huɗu. In ban samu ba ganawar nan ta wuce ni."

"Shi ke nan matsalar? Kin manta laftof ɗina da shayi ya kashe bara? Tana nan a but ɗin mota. Akwai ram mai kyau a ciki. Kyauta zan ba ki, ki riƙa tunawa kina da yaya."

"Da gaske?"

"Na ɗauko Umma daga wurin likitan ido, muna hanya. Turo min kwatance."

Ina ajiye wayar Baba ya ce, "Kin gaya masa ina nan?"

"A'a."

"To bar shi haka."

Ya ɗauki kujerarsa ya koma bayan wata kanta da aka jibge matattun firintoci, ya zauna ya harɗe ƙafa.

Injiniya ta jona wata ma'ajiya ta fara kwashe fayilolin Baba. Ta ce ba ta taɓa sa sabon tsari ba tare da ta kwashe kayan mutum ba, ko da mai kayan ya rantse babu abin da yake so a ciki.

*

Sha biyu da rabi Yaya ya shigo, laftof a hammata, makullin mota na kaɗawa a yatsa, baki har kunne. Umma na bayansa da baƙin gilashin da likita ya ba ta.

"Ina mai neman taimako? Ga agaji ya iso."

Ya dire laftof ɗin gaban Injiniya kamar wanda ya kawo kyautar mota.

"Anti, buɗe ki ɗauki abin da kike so. Ƙanwata ce, ba na ƙyashi."

Umma ta dafa kafaɗata. "Kin ci wani abu kuwa? Dubi yadda kika yi zuru-zuru."

Injiniya ta jawo wani kiret ɗin ƙwai. Sukuru shida, murfi ya tashi. Ram biyu ne a ciki. Ta zare na sama, ta kanga shi da ramin Tsohuwa.

"Ya yi daidai."

Na sauke ajiyar zuciya har sai da ƙirjina ya yi zafi.

Sai ta juya bayansa, don ta duba lambobinsa. Ta sa gilashi. Ta dubi Yaya, ta dube ni, sannan ta ɗaga murya kaɗan.

"Baba, zo ka ga wani abu."

Murmushin Yaya ya tsaya a inda yake.

"Wane Baba?"

Baba ya fito daga bayan firintoci yana gyara wuyan riga. Ya karɓi ram ɗin a gefe da gefe yadda ya ga Injiniya ta yi. Ya ɗauki na farkon ya haɗa su a tafin hannu.

"Auta, idona ba ya gani sosai. Karanta min."

Na leƙa. Ɗigon kore. 2/2.

"Biyu cikin biyu, Baba."

"Madalla. Kai, zo nan."

Yaya ya yi wuƙi-wuƙi. Makullin ya daina kaɗawa.

"Baba, ai... kamfani ne ke irin wannan rubutun."

"Da koren biro?"

"Wasu kamfanonin..."

"Da hannuna? Dubi biyun nan, da 'yar jelarta. Shekara talatin da ɗaya ina rubuta ta a jikin kwali."

Ni kuwa dariya ce da kuka suka zo min tare. Wai ɗan Baba, wanda ya tashi yana shan ruwa a kofi mai lamba, shi ne ya ɗauki kayan Baba bai juya bayansa ya duba ba. Ya riƙe shekara uku, har ya manta daga inda ya samo, ya dawo da shi yana neman a gode masa.

"Yaya," na ce, "kyauta ko?"

"Auta, tsaya ki ji."

"In riƙa tunawa ina da yaya."

Injiniya ko a jikinta. Ta zare ram biyun daga hannun Baba, ta taɓa ƙarfen ƙafar tebur da tafin hannu, ta ɗauki abin goge fensir ta shiga murza haƙoran ram ɗin masu ruwan zinare har suka yi ƙyalli.

"Ku ci gaba," in ji ta. "Ni ina da ƙarfe huɗu a gabana."

"Da wace wuƙa ka buɗe?" in ji Baba.

"Ta yanka albasa."

"Mai lamba nawa?"

"Malam, don Allah," in ji Umma. "A gaban mutane muke."

"Ina tambayar ɗana ne. Me na rage ka da shi da za ka shiga cikin kayana da wuƙa?"

Yaya ya dubi ƙasa. Ya dubi silin. Sannan ya saci kallon Umma.

Umma ta gyara zaman baƙin gilashinta ta juya tana karanta wata takarda a bango, wadda na tabbata ba ta ganin ko harafi ɗaya a cikinta.

"Kai nake saurare," in ji Baba.

"Baba, ni aike na aka yi."

"Wa ya aike ka?"

Yaya ya sake satar kallon Umma.

"Umma, ki yi haƙuri," in ji Yaya. "Ni kaɗai ba zan iya ɗauka ba."

Ƙas. Ƙas. Injiniya ta zura ram biyun a karkace ta danna su, maƙallan suka kama. Ta juya Tsohuwa ta kunna.

Ba wanda ya kalli allon sai ni. Rubutu ya fito. Injiniya ta nuna min da farce: giga takwas.

"Ta gan su duka biyun," in ji ta. Ta soka filash, ta danna maɓalli biyu. "Sabon tsari ya fara shiga. Awa biyu, in ba ta yi gardama ba."

Ƙarfe ɗaya da minti goma. Na lissafa a raina, na ga da sauran numfashi.

Baba ya ja kujera ya zauna a gaban Umma.

"Ke?"

Umma ta cire gilashin ta ninke shi. In Umma ta ninke abu a hankali haka, to ta gama shawara.

"Ni ce. Na ce masa ya yi mata abin da za ta rage gudu. Ban ce ya kashe ta ba. Ban kuma ce ya sa a tasa ba, wannan haɗamarsa ce."

"Umma, ai zubarwa asara ce," in ji Yaya.

"Rufe min baki."

"Saboda me?" in ji Baba.

"Saboda me? Malam, ka manta shekarar da ka yi ritaya? Na yi murna, na ce yau mijina ya dawo gida. Ashe ba gida ka dawo ba, wurin wannan ka dawo." Ta nuna Tsohuwa da haɓa. "Daga karin safe sai ka buɗe ta. Dara da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Shafi arba'in a buɗe, labarin duniya, labarin jiragen ruwa, yadda ake kiwon zuma. Kana da zuma ne?"

"Ilimi ne."

"Ranar nan na tsaya a kanka na ce, Malam, na zame a banɗaki, ƙafata ta kumbura. Ka san abin da ka ce?"

Baba ya ɗaga kai yana ƙoƙarin tunawa.

"Ka ce madalla."

Injiniya ta yi tari ta juya mana baya. Kafaɗunta na rawa.

"Ban ji ba ne," in ji Baba.

"Ai shi ne. Ba ka ji. Da ta fara nauyi fa? Ka danna, ta yi ta juya ɗan zoben nan, ka gaji ka rufe, ka fito tsakar gida. Ka fara tambayata me nake dafawa. Ka gyara min ƙafar keken ɗinki. Muka fara fita zagaye da yamma. Ni dai shekara ukun nan, ban taɓa jin daɗin aure kamarsu ba. Ban yi nadama ba."

Kunnuwan Baba suka motsa, alamar maganar ta shige shi. Amma Baba ba ya sauka da wuri.

"Da sai ki faɗa min da baki."

"Na faɗa. Ka ce madalla."

"Sau ɗaya ne."

"Sau ɗaya na ƙirga maka."

"An shiga cikin kayana da wuƙar albasa. A gidana. Ni ina zaune ina cewa tsufa ne ya kama ni, na kasa sarrafa na'ura."

"Kuma kana cewa finafinan Auta ne," in ji Injiniya ba tare da ta juyo ba. "Na kwashe fayilolin kaf, Baba. Babu fim ko ɗaya. Ko da akwai ma, ba ruwansa da gudu. Wurin ajiya sito ne, ram teburin aiki ne. Sitonka ko rabi bai cika ba. Teburinka aka raba biyu."

Baba ya gyaɗa kai. Wannan yaren ya ji shi sarai.

Na jira wani ya juyo ya ce min Auta yi haƙuri.

Ba wanda ya juyo.

Baba ya juya kujerarsa ya fuskanci ƙofa. Umma ta mayar da baƙin gilashi ta fuskanci bango. Yaya ya ce bari ya sayo mana ruwan sanyi, ya fita, ya yi minti arba'in.

*

Ƙarfe uku da kwata Tsohuwa ta mutu ta taso, ta sake mutuwa ta taso. Kowane tashi sai na kai yatsa baki.

"Haka take yi," in ji Injiniya. "Daina cizon farce."

Uku da rabi sabon allo ya bayyana, shuɗi, fes da shi. Ta mayar da murfi, ta bi kiret ɗin ƙwai daga rami na ƙarshe zuwa na farko. Sukurun da aka cinye wa kai ta canza shi da sabo, ta miƙa wa Baba tsohon. Ya karɓa ya sa a aljihu.

Ta sauke manhajar ganawar, ta mayar da fayilolin Baba.

"Ba za ki kai gida kafin huɗu ba, hanya ta cushe. Ga lungu can, bangon fari ne, intanet ɗina na da ƙarfi. Zauna nan ki yi."

Na yi mata godiya. Na gyara ɗankwali a jikin gilashin wata matacciyar talabijin, na goge fuska, na ɗora Tsohuwa a kan ɗan tebur.

Huɗu saura minti goma na buɗe saƙon kamfanin na danna mahaɗin shiga.

Sai na yi abin da kowa a gidanmu yake yi. Mu dai in ka danna abu a Tsohuwa, tashi kake ka je ka yi wata hidimar, ka dawo bayan minti goma ka tarar tana kan tunani. Hannuna ya danna, ƙafata ta miƙe da kanta. Na juya mata baya na je ɗaukar ruwa.

A daidai nan Baba ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "In an gama, a gida zan sa mata kwaɗo. A ɗakina za ta riƙa kwana."

"To ka kwana da ita," in ji Umma. "Ta dafa maka."

"Aƙalla ita ba ta haɗa baki da ɗana."

"Ita ce ma za ta kai ka asibiti in ka zame."

"Umma, Baba, don Allah..." in ji Yaya.

"Kai yi mana shiru, ɓarawon ram," suka faɗa tare.

Ban san lokacin da na dire robar ruwan ba.

"Ku duka ku yi min shiru."

Suka juyo. Ban taɓa ɗaga musu murya ba tunda aka haife ni. Amma bakin ya riga ya buɗe.

"Shekara uku. Shekara uku ana ce min mai finafinai. Baƙi su zo, a ce ga wadda ta kashe laftof. Umma kina zaune kina ji, kin san gaskiya, ko sau ɗaya ba ki ce a ƙyale ni ba. Yaya kai kuma har da ƙarin gishiri, da ram ɗin a cikin jakarka. Baba ka ga biyu cikin biyu da idonka, tun ƙarfe ɗaya nake jira ka ce min Auta na zarge ki a banza. Ba ka ce ba. Kowa ta kansa yake yi. Ni ce dai ba ni da baki a gidan nan saboda ni ce ƙarama."

Hawaye suka zubo, na share da bayan hannu.

"Saura 'yan mintuna a yi ganawar da na yi wata goma sha huɗu ina jira. In kun ga dama ku cinye juna bayan na gama. Yanzu dai ba na son jin ko tari."

Shagon ya yi tsit. Umma ta cire gilashi, idonta ya kawo ruwa. Baba ya buɗe baki zai yi magana.

Sai aka yi tari.

Ba Baba ba ne. Ba Yaya ba ne. Daga lungu ya fito.

Injiniya ta dafe goshi. "Auta," ta ce a hankali, "kin danna shiga?"

Na juya.

Tsohuwa ba tunani take ba. Ɗan farin hasken kyamara na kunne. A allon akwai mutum uku zaune a dogon tebur, mace a tsakiya da biro a hannu, maza biyu a gefenta, ɗaya ya rufe baki da takarda. A ƙasan allon kuwa ga mu nan a ɗan akwati, mu duka: ni a tsaye da jajayen idanu, Baba da Umma kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya, Yaya rungume da robobin ruwa.

"Barka da yamma," in ji matar. "Wanda ke gabanki ya gama da wuri, sai muka buɗe miki. Muna jin ki sarai, na'urarki na da kyau."

Ban san yadda na isa kujerar ba.

"Ranki ya daɗe, tun... tun yaushe?"

"Tun daga kwaɗo."

Na rufe ido. Wata goma sha huɗu. Na ji kamar in shige ƙarƙashin teburin in zauna tare da wayoyin wuta.

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ba halina ba ne. Na saba in na danna..."

Ta ɗaga biro, na yi shiru.

"Kin karanta bayanin aikin da kike nema?"

"Na karanta."

"Mene ne aikin?"

"Sauraren mutanen da ransu ya ɓaci, da kwantar musu da hankali."

"Yawwa. Yawanci mukan sa abokin aikina ya yi kamar kwastoman da ya fusata, mu ga yadda mutum zai yi da shi. Bai iya ba ma, dariya yake yi." Ta dubi na gefenta, ta dubi agogon hannunta, sannan ta miƙo biron tana nuna bayana. "Yau mun huta. Ga biyu nan na gaske."

Na waiga. Baba ya harɗe hannu a ƙirji. Umma ta ɗaure fuska tamau tana kallon bango.

"Juya na'urar yadda za mu gan su da kyau," in ji matar. "Minti biyar muka ba ki. Fara."